Daɓen Ɗakin Inna Tambaya

Labbo na Nahuce mutumin kirki ne, wannan ba mai ja. Aibinsa guda: in abu ya shiga idonsa, to sai ya fito ta hannunsa, kuma yau-yau ba gobe ba. A shekarun da ake ta raɗe-raɗin hanyar jirgin ƙasa za ta iso Gusau, ya kora jakunansa da auduga zuwa kanti, ya ga sorayen fatake jere, an shafe su da makuba suna ƙyalli a rana. Ya dawo gida, ɗakin jinkar mahaifiyarsa, Inna Tambaya, ya shiga tsone masa ido.

Ba ƙawa kaɗai ke cinsa ba. Inna ta tafi Tsafe wankan jegon ƙanwarsa Uwani, kuma Uwani da mijinta sun daɗe suna lallashin tsohuwa ta zauna wurinsu gaba ɗaya. Abin da Labbo ke tsoro ke nan a duniya. Ƙato ne mai gemu da iyali, amma tuwon dare ba ya masa daɗi in babu faɗan Inna a kansa. Ya ƙudurta a ransa zai gina mata soron da in ta shiga, ko da igiya aka ja ta ba za ta koma Tsafe ba.

Ya ɗauko Bawa magini daga Bungudu, aka rushe tsohon ɗaki. Tun ranar farko suka fara sa-in-sa. Labbo yana son a kwaɓa ƙasa da safe a ɗora gini da la'asar, Bawa ya ce sai ƙasa ta kwana ta ruɓe da ciyawarta. Labbo ya ce a ƙara sahun tubali a kan na jiya, Bawa ya latsa bangon da yatsa ya ce bai sha iska ba. Da gardamar ta ishi Bawa sai ya naɗe tabarmarsa ya ce shi zai koma Bungudu, Labbo ya gina abinsa da baki tunda nan ƙarfinsa yake. Dole Labbo ya haɗiye gaggawarsa. Soro ya tashi tsaf, an jera azara, an kafa indararo, Bawa ya yi sallama ya tafi. Saura daɓe.

To, daɓe ba aikin magini ba ne, na mata ne, kowa ya sani. Mai ɗaki ita ke gayyato ƙawayenta, a tuƙa tuwo, a dama fura, su durƙusa sahu guda da madaɓansu, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amshi, duka yana sauka tare. A Nahuce kuwa mai ba da waƙar nan ita ce Inna Tambaya. Da wuya ka sami ɗakin da gwiwarta ba ta taɓa ƙasarsa ba, har daga Karakkai ana aiko mata goro.

Matarsa Wasila ta ce, “Malam, a dakata hakanan. Ba a daɓe sai mai ɗaki na nan.”

“In miƙa ma Inna ɗaki da ƙura kamar turken jaki?” in ji Labbo. “So nike ta shigo ta iske komi an gama, ko tsinke ba ta ɗauka ba. Daɓe dai ba duka na ba? Wanda ka noma gona ukku zai gaza dukan ƙasa?”

Wasila ta dube shi, ta dubi soron, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ɓoye madaɓinta a ƙarƙashin gado.

Wannan bai hana shi ba. Ya sassaƙa nasa da icen kirya, mai nauyin da mutum zai kashe kura da shi, ya jawo taubashinsa Jibo da alkawarin fura. Suka zuba birji, tsakuwar nan ta daɓe, suka yayyafa ruwa, ƙattai biyu suka durƙusa. Wannan ya buga, wancan ya buga, babu wanda ke jiran wani. Inda Labbo ya daka ya zama kwari, inda Jibo ya shafa ya zama tudu. Jibo ya gwada rera wani abu don ya rage musu wahala, Labbo ya roƙe shi don girman Allah ya bari. Kafin azahar tafin hannunsu ya yi ƙulu-ƙulu da bororo, bayansu ya ƙage.

Matan gari masu zuwa rijiya suka riƙa rage tafiya a bayan katanga. Ma'u, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, ta tsaya da tulu a kai ta ɗaga murya yadda na ciki za su ji.

“Jama'a, wa yam mutu gidan ga, da aka daɓe babu waƙa?”

Ta gyara tulunta ta wuce. Daga ranar matan unguwa suka ɗauke ƙafa daga gidan, ko aron rariya suka daina shigowa. Labbo ya lura, amma ya ɗauka hassadar soro ce, abin har ya yi masa daɗi.

Ranar da Inna ta dawo, a kan jaki ta iso, Haruna ƙanen mijin Uwani yana janye da wani jakin mai kayanta. Labbo ya tare ta da rawar jiki, ya kai ta ƙofar soro yana ta washe baki. Ta shiga da bisimilla. Ta ɗaga kai ta ƙirga azara da ido, ta ce madalla. Ta shafa bango, ta ce Allah ya yi albarka. Sai ta sunkuyar da kai. Ta buga dunduniya a nan, ta matsa ta buga a can. Labbo ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, don haka bangon ta kalla ta yi tambaya.

“Su wa sunka yi daɓen ga?”

“Ni da Jibo, Inna,” ya ce, yana buɗe mata tafin hannu ta ga shaida. “Ba mu bari kowa ya wahala ba.”

Ko kallon hannun ba ta yi ba. Sannan ta leƙa waje ta ce wa Haruna kada ya kwance kayan, ya dai sauke wa jaki ya huta, in zai koma Tsafe tare za su koma.

“Inna, mi niy yi? In kwarin na, sai a cike!”

“Ba kwari na ba,” ta ce. “Tun ina amarya nike durƙuso ɗakunan mutane. Na yi ma uwaye, na yi ma ɗiyansu. Kowace in mun ƙare sai ta ce, Tambaya, Allah ya kai mu naki. Ni ko ina ta jira, ɗakina bai tsuhwa ba balle a sake. Rana guda ta da ni ma za a durƙusa mani, in zauna in ji muryata bakin wasu. Kai ka cinye ta, kai da Jibo.”

Ta fita ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu ta juya wa soron baya.

Labbo ya tsaya a tsakar ɗaki, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya so ya hutar da ita, ashe abin da ya ɗauke mata ba wahala ba ce. Ya nemi Wasila da ido ko za ta ce wani abu, ita kuwa ta duƙufa a kan tsintar wake kamar a nan aka haife ta.

Washegari da hantsi aka ji duka daga soro, amma ba na madaɓi ba. Jibo ya sheƙo a guje ya iske taubashinsa da dagi yana farfasa daɓen.

“Kai, mahaukaci! Bayana har yau bai miƙe ba!”

“Ɗauko kwando,” in ji Labbo.

Ya zaci aikin zai kai shi yamma. Ina! Daɓen da suka yi wa dukan kawo wuƙa ya riƙa ɓamɓarowa kamar ƙanzon tukunya, abin da ya ƙara masa haushi ke nan. Da suka kwashe, ya wanke hannu, ya sa riga, ya ɗauki ƙullin goro ya nufi gidan Ma'u. Ta bar shi durƙushe a zaure har ƙafarsa ta yi tsami kafin ta fito.

“A'a, sarkin daɓe da kainai? Aiki anka samo muna, ko koyarwa kaz zo?”

Ya haɗiye, ya ba da haƙuri. Ta karɓi goron ta ce ba don shi ba.

Da gari ya sake wayewa gidan ya cika. Na Nahuce sun zo, na Karakkai sun zo, har da wata tsohuwa da aka riƙo ta a hannu don ta ce ko bugu ɗaya ne sai ta yi wa Tambaya. Wasila ta fiddo madaɓinta daga ƙarƙashin gado ba ko kunya. Aka ɗora tukwane, aka jiƙa makuba, aka kori maza zaure. Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki madaɓi, Ma'u ta fizge ta ce yau zama ne nata, ta zaunar da ita a bakin ƙofa. Sai Ma'u ta ɗaga murya:

“Gemu ya durƙusa, ƙasa ta ƙi ji,
Ku ba mu wuri, masu ɗaki sun zo.”

Mata suka amsa, madaɓai suka sauka tare, har Labbo yana jin bugun a ƙirjinsa daga zaure. Baiti bayan baiti ana yanka shi, shi da Jibo da icen kiryarsu. Jibo ya sulale ya gudu. Labbo ya zauna ya shanye, don a cikin hayaniyar ya jiyo dariyar Inna, irin wadda take yi har tana tari.

Can da waƙar ta juya, aka bar shi aka koma kan Inna. Suna kiran sunanta, suna lissafa ɗakunan da ta daɓe, kowace mace tana cusa nata. Dariyar ta ɗauke. Ya leƙa ta gefen asabari ya ga tsohuwar ta ja gefen zane tana share ido, bakinta yana bin amshi a hankali.

Ta ɗago suka haɗa ido. Nan take ta tsuke fuska.

“Kai, leƙen mata ka koma? Tahi ka kwance kayan can ka shanya mani, sun kwan biyu ɗaure. Ka sallami yaron mutane ya koma gida.”

Labbo ya ruga har yana tuntuɓe da dokin ƙofa. Igiyar ta ci hannunsa daidai inda bororon ya fashe, bai ko ji ba.