Sai Jirgin Auta

"To ni ina ruwana da ƙungiya? Ƙungiya ce ta haife ka?"

"Inna, ki saurare ni mana."

"Tun jiya nake sauraronka, kunnena har ya yi zafi. Manajan nan ya kira ka ko bai kira ka ba?"

Auta ya juya ya harari matarsa. Ita kuwa ta duƙufa tana goge tebur, tebur ɗin da tun safe take gogewa, saura kaɗan fentinsa ya fita. Ita ce ta tsegunta wa Inna zancen a kicin, da sharaɗin kada ta ce ita ta faɗa. Inna kuma ta riƙe amanar daga kicin har ƙofar falo.

"Ya kira," in ji Auta.

"Ya ce me?"

"Ya ce in na yarda na koma aiki, za su ba ni jirgi guda in tuƙa."

"Zuwa ina?"

Ya sosa ƙeya.

"Faɗi mana! Bakinka ma ya shiga yajin aikin ne?"

"Zuwa garin su Yaya."

Inna ta tafa hannu ta zube a kan kujera, kusa da akwatinta da ya kwana a ɗaure ya wuni a ɗaure.

Ga yadda abin yake. Auta matuƙin jirgin sama ne, kuma tun ranar da ya fara sa farar riga mai zane a kafaɗa, sunan uwarsa ya ɓace a unguwa, ta koma Uwar Kaftin. Ita ma ba ta bar sunan ya huta ba. In jirgi ya wuce ta saman gida, ko tana tsakiyar cinikin gawayi ne sai ta ɗaga kai ta ce, "Yaron nan bai ma karya ba ya fita." Ko jirgin na wane kamfani ne, ko na soja, duk Auta ne a ciki.

Yaya kuwa ita ce babbar 'yar'uwarta, wadda ta rene ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta goya ta, ta yi mata kitso, ta dake ta, ta aurar da ita. Aure ya kai Yaya wani gari mai nisa, teku a tsakani, ba hanyar mota. Yanzu tana kwance a asibiti, an sa mata roba a hanci, 'yarta na ta bugo waya tana cewa, "Inna, in za ki zo ki zo."

Kuma da Inna ta tafi tun wancan makon. Auta da kansa ya ce mata, "Inna, ki shirya gobe, zan nema miki kujera a wani kamfanin." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Uwar Kaftin a jirgin wasu? In je in ce wa Yaya wane ne ya kawo ni? Ɗan wa?" Domin ita tana da ƙa'idarta: ba ta shiga jirgi sai wanda Auta ke tuƙawa. Daɗinta shi ne a ce an rufe ƙofa, muryarsa ta fito ta lasifika yana gaida fasinjoji, ta zunguri na kusa da ita ta ce, "Ka ji shi nan, ni na yaye shi." Ta ce za ta jira ranar da zagayensa ya faɗo kan garin su Yaya. Kafin ranar ta zo, matuƙan kamfanin suka ajiye huluna gaba ɗaya, suka shiga yajin aiki.

"Inna," in ji Auta, ya durƙusa a gabanta, "ba don daɗi muke yi ba. Mutum ya sauka da asuba, kafin ya runtsa an ce ya sake tashi. Abokin aikina gyangyaɗi ya ɗauke shi a sama, da mutane cike a bayansa. Allah ne ya tsare. In ba mu tsaya yanzu ba, wata rana gawarwaki za a kwasa."

"Kai ka yi barci ai. Kwana nawa kana sharar barci a gidan nan, har da munshari. Tashi ka kai ni."

"Ni na tsaya a gaban mutane na ce kowa ya ajiye. In na ɗauki jirgin nan, shi ke nan an karya mu. Da wane ido zan dube su?"

"Ni da wane ido zan dubi Yaya?"

"Ina nema miki wuri a sauran kamfanonin. Ko'ina ya cika, amma an ce wataƙila ƙarshen mako..."

"Ka kira mala'ikan mutuwa ka ce masa ya jira ƙarshen mako."

Ta miƙe ta ja akwatinta. Surukarta ta biyo ta tana, "Inna, ki sha ko shayi ne," Inna ta ce mata ta ba mijinta ya ƙara ƙarfin zama. Ta tari tasi a bakin titi ta ce filin jirgi. A ranta ta ƙudura cewa yaron nan bai san mutane ba ne. Ita da ma'aikatan wurin suka sani, suke ɗaukar mata jaka, a rasa mata kujera guda?

Abin da ta tarar bai yi kama da filin jirgin da ta sani ba. Mutane kwance a ƙasa kan kwalaye, wasu sun yi matashi da takalmansu. Yara na kuka, iyaye sun gaji da rarrashi sun zuba musu ido. An yi cincirindo a jikin bango wurin cajin waya, wasu maza biyu masu furfura suna zagin juna a kan rami guda. Wani ya taho da kifi a cikin akwatin sanyi, ƙanƙarar ta narke, wari ya kori kowa daga kusurwar, shi kaɗai ya rage zaune a kai kamar mai gadin kabari. Allon da ke nuna tashin jirage kuwa ja ne daga sama har ƙasa. Ta gilashi ana hango jiragen a jere, an toshe musu injuna da jan murfi.

Inna ta ratsa layi da gwiwar hannu, tana "Ku yi haƙuri, tsohuwa ce," har ta isa teburin sayar da tikiti. Yarinyar da ke wurin idanunta sun kumbura, muryarta ta dishe.

"Mama, babu jirgi. Ki koma gida, za a sanar."

"'Yata, ba ki gane ni ba ne?"

"Mama, don Allah."

Nan fa Inna ta yi abin da ta saba, abin da bai taɓa ba ta kunya ba. Ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda na baya ma za su amfana, ta ce, "Ni ce fa Uwar Kaftin! Ɗana ne babbansu, shi ne ma shugaban ƙungiyar tasu!"

Yarinyar ta rufe ido kamar wadda aka taka wa ƙafa.

Sai wani dogon mutum mai jakar goyo ya ce, "Ɗanki ne? Ɗanki ne ya zaunar da mu a nan?"

"Ku zo ku ga uwarsa!" in ji wata daga baya.

Kafin ta ankara an zagaye ta. Dogon yana kaɗa mata takarda a fuska, wai aikin da ya samu da kyar, in bai isa gobe ba an ba wani. Wata mata ta turo mata yaro mai kumburarren ciki ta ce, "Dube shi! Likita ke jiran sa. Kira ɗan naki ki gaya masa!" Wani ya ce a riƙe ta kada a sake ta sai ɗan ya zo da kansa. Wani ya ce ai ga irin tarbiyyar nan. Mai kifi ma ya taso daga kan akwatinsa ya zo ya zazzaga nasa. Inna, ita da ba a taɓa cin ta da magana a unguwa ba, ta ja da baya tana kare fuska. Mayafinta ya zame, wani ya taka shi. Da kyar wani mai gadi ya kutsa ya janye ta, ya tura ta banɗakin mata ya ce, "Zauna nan, Mama, kuma don girman Allah kada ki sake cewa kin haifi kowa."

Tana tsaye a gaban madubi, famfo na ɗiga, wayarta ta yi ƙara. 'Yar Yaya ce.

"Inna, ta farka. Ke take tambaya. Bari in kara mata a kunne."

Sai numfashi, mai nauyi, kamar ana jan buhu a kan siminti. Can muryar ta fito, 'yar siririya.

"Ƙanwata... kin taso?"

Inna ta dafa bango. "Ina filin jirgi, Yaya."

"Autanmu ne... zai kawo ki?"

"Shi ne."

"To. Ki ce masa... ya bi a hankali. Kada ya yi gudu."

"Zan gaya masa."

"Ina nan."

Inna ta daɗe a wurin bayan wayar ta katse. Wata mai shara ta shigo da bokiti, ta dube ta, ta fita.

Rana ta karkata lokacin da ta koma gidan Auta. Ko sallama ba ta yi ba. Yana zaune da waya a kunne yana roƙon wani a kan kujera guda, ko ta tsaye ce in ana sayarwa. Inna ta saki akwatin, ta zo gabansa, ta sa gwiwoyinta biyu a ƙasa.

Surukar ta saki kofi ya fashe. "Inna! Subhanallahi, tashi!"

"Ban taɓa roƙon ka komai ba, Auta," in ji Inna. Wannan kam ba gaskiya ba ne, amma ba wanda ya gyara mata. "Matar nan ta goya ka lokacin da nake kwance ba na ko ɗaga kai. Ta ce ka bi a hankali. Na ce mata kai za ka kawo ni. Kada ka mai da ni maƙaryaciya a kunnen mai mutuwa."

Auta ya zame daga kujera ya durƙusa shi ma, yana ƙoƙarin ɗaga ta, ita tana ƙi. Ƙaton mutum da gemu, hawaye na bin fuskarsa. Ya dubi wayar da ke hannunsa. Lambar manajan na nan a sama. Ya daɗe yana kallon ta, babban yatsansa a kai, bai danna ba, bai kuma ajiye ba.

Wayar Inna ce ta riga yin ƙara.

Ba ta ɗauka ba. Surukar ce ta ciro ta daga jaka, ta kara a kunne, ta saurara. Sai ta zauna a ƙasa cikin fasassun kofin, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ana jin kukan 'yar Yaya daga cikin wayar, tana cewa mahaifiyarta ta sa an juya mata gado ya fuskanci ƙofa, wai kada ƙanwarta ta shigo ta same ta ta ba ta baya.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dafa kujera ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara.

"To, ka huta," ta ce. "Ku yi ta yajinku har tashin ƙiyama."

"Inna, kada ki ɗora mini wannan."

"Wa zan ɗora wa? Mai kifi?"

"Na ce ki tafi wancan makon!" Muryarsa ta fashe, irin yadda bai taɓa yi mata ba. "Na ce ki tafi! Na roƙe ki! Kika ce sai jirgina, don ki samu abin faɗa wa matan unguwa!"

"Haba, Kaftin," in ji matarsa.

Maganar ta shiga Inna har ƙashi, don ta san gaskiya ce, kuma ta san za ta kwana da ita ta tashi da ita har nata ajalin ya zo. Ta tsaya tana kallon sa. Sai kuma wani abu ya faɗo mata.

"Me ya sa ka matsa in tafi wancan makon?"

Ya kawar da kai.

"Kai da ba ka taɓa cewa in shiga jirgin wasu ba. Ka san za ku ajiye aiki. Ka san ranar."

"An rantsar da mu, Inna. Ba a so kamfani ya ji kafin lokaci. Kuma ke... in kika ji abu..."

Ba sai ya ƙarasa ba.

"In na ji abu, unguwa ta ji," in ji Inna a hankali. "Haka ne. Kalma guda za ka faɗa mini in tafi in ga 'yar'uwata. Ka auna bakina, ka auna Yaya, ka ga ƙungiya ta fi nauyi."

"Ban san za ta yi sauri haka ba."

"Ni ma ban sani ba."

Ta ɗauki mayafinta mai sawun takalmi ta yafa. Surukar ta riƙe mata hannu tana kuka, tana cewa ina za ta a wannan hali, ta zauna ko zuwa gobe. Inna ta zare hannunta. Akwatin ma ba ta waiwaye shi ba, da turaren da ta saya wa Yaya da komai a ciki.

"Inna," in ji Auta daga ƙasa inda yake durƙushe. "Inna, bari in kai ki gida."

"Kai? Ka kai ni?"

Ta fita, ta jawo ƙofar da duk ƙarfin da ya rage mata. Garam!