Ɗaurin da Nas Ta Nema

Direba yana wanke hannu a bakin famfo matarsa ta faɗa masa abin da take so. Ma'aikaciyar jinya ce, kowa a gidan Nas yake ce mata, har shi. Ta yi maganar tana kallon bokiti: in yara sun tafi gidan gwaggonsu ranar Asabar, tana so ya ɗaure mata hannu da ɗankwali, sama-sama, a ɗakinsu.

Ya tambaye ta laifin me ta yi. Ta yi dariyar yaƙe ta shige kicin. Nan ya gane cewa in ya sake yin irin wannan katoɓara, ba za ta ƙara buɗe masa cikinta ba.

Duk makon yana tuƙa motar kaya yana juya zancen. Shi a saninsa buhu ake ɗaurewa, da akuya, da ɓarawo. Matar da bai taɓa ɗaga wa murya ba, yaya zai ɗaure ta? To amma tunda ita ta nema, in ya ƙi, mutunta ta ya yi ko raina hankalinta?

Ranar Asabar da rana, bayan yara sun fita, ya sauke labule ya zauna a bakin gado, ya ce ta yi haƙuri ta fahimtar da shi. Ta daɗe tana murza ɗankwalin. Ta ce a asibiti tun safe allura, bandeji, ɗaga wannan, juya wancan. A gida wanki da girki. Ko suna tare su biyu, lissafi take ko ta kyauta masa.

"So nake hannayen nan su rasa aikin yi, ko na ɗan lokaci," in ji ta. "Kuma kai kaɗai zan iya miƙa wa su."

Suka yi magana cewa da ta ce ya isa, to ya isa, babu jayayya.

Ɗaurin farko, don tsabar tausayi bai matse ba, kafin ta motsa ɗankwalin ya zame ya faɗi kan filo.

"Haka kake ɗaure kayan mutane? Ashe kai ke zubar mana da tumatir a titi."

Na biyu ya yi zarge mai kwancewa da ja ɗaya, ya sa mata bakin ɗankwalin a tafin hannu. Ita kuma, aiki ba ya barin mai shi, ta sa ya zura yatsa tsakanin ɗankwalin da fatarta don a ga jini yana gudu. Sannan ta lumshe ido, kafaɗunta suka sauka.

Ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya. Can ya sake tambaya.

"Maigida, in ka ƙara, wallahi kai zan ɗaure."

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya ji zancen bai ba shi tsoro yadda ya zata ba. Sai ya matso kusa da ita.