Famfon Baba

Baba maginin tukwane ne, amma rabin rayuwarsa a gaban wani dogon bututun gilashi ta ƙare. Yakan niƙa wani shuɗin dutse da yake yi wa kwanukansa ado da shi, ya zuba garin a bututun, ya saki ruwa ta ƙasa yana hawa a hankali. Mai laushin ya bi ruwa ya tsiyaye a bokiti, tsakin ya zauna. In ruwan ya yi ƙarfi, tsaki ya biyo. In ya yi sanyi, garin ya dunƙule ya nutse. Aikin ke nan mai cin rai.

Famfon da ke ba bututun ruwa ya tsufa, kansa ya cije daidai inda Baba yake so. Murɗa iya ƙarfinka, nan zai tsaya. Mama takan ce shi da famfon taurin kansu ɗaya.

Da Baba ya rasu, ya bar kwano ɗaya fari, wanda ya yi wa Mama alkawarin zai yi masa ado, da ɗan sauran gari a gwangwani. Ba wanda ya san inda yake samo dutsen. Na ce ni zan ƙarasa mata.

Mijina kuwa mai gyaran famfo ne. Mutumin kirki, sai dai ba ya iya ganin abu yana ɗiga ya wuce.

Ranar da zan fara, na juye garin, wanda bai fi cikin tafi ba, a bututun, na murɗa famfon kamar yadda Baba yake yi. Sai ya juya sumul, bai tsaya ba. Kafin in ankara ruwa ya yi feshi ya ture bokitin, shuɗin ya bi siminti ya nufi magudana. Na durƙusa ina tarewa da hannu, yana zurarewa ta tsakanin yatsuna.

Mijina ya leƙo da fara'arsa. "Kin ji yadda ya yi laushi? Jiya na canja masa kai, na ga yana ba ki wahala."

Na buɗe baki zan yi masifa, kuka ya riga ni.

Mama ta shigo. Ta dubi siminti, ta dubi farin kwanon. Sannan ta dafa kafaɗata.

"Tashi, ya isa. Ki ce masa in bai yar da tsohon kan ba, ya kawo mini. A nan hannun babanki ya fi daɗewa."