Ƙwaya Ɗaya Shuɗiya

Shekara talatin Neville Trengove yana tonon jujin tsofaffin ramukan ma'adinai a Broken Hill, abin da ya tara kuwa bai wuce ciwon gwiwa da akwatunan duwatsun da suka kori motarsa daga gareji ba. Sai ran nan ya fasa wani dutse, ya ga koren ma'adinin da ake kira fosfet, a tsakiyarsa ƙwaya ɗaya shuɗiya, ba ta kai ta gishiri ba. Ransa ya ba shi arsenet ce, wani ma'adinin daban. Ba kasafai su biyun suke haɗuwa a dutse ɗaya ba.

Matarsa Glenys ta tuƙa shi har Adelaide, wurin Dakta Pavlich masaniyar ma'adinai. Dakta ta daɗe da ido a madubin ƙara girma.

"Da ido dai ba zan rantse ba, Baba. Shuɗi iri-iri ne. Sai na cire ta na niƙa, na'ura ta faɗi sunanta."

"In kin cire, me ya rage?"

"Koren dutse. Irinsa muna da akwati huɗu."

Neville ya ga zaɓi biyu ne. Ko ya san sunan ya rasa abin, ko ya riƙe abin ya mutu da zato.

"Rabi zai ishe ki?"

"Zai isa, in da mai rabawa. Ni gahawa kofi uku na sha yau, hannuna ba zai tsaya ba."

Ya ɗauki allura. Tun kafin ya kai kan ƙwayar, Glenys ta tsayar da shi.

"Matsa, tsoho," in ji Glenys. "Ko burodi ba ka yankawa daidai."

"Ke me kika sani a dutse?"

"Shekara ashirin ina cire tsakuwa daga idon mahaƙa a asibiti. Su har motsi suke yi."

Ta zauna, ta riƙe numfashi. Neville, jarumin maza, ya juya yana kallon bango.

"Ga rabonki, Dakta," in ji Glenys.

Ɗigon shuɗi na bakin allura, sauran rabin na zaune daram cikin koren.

"Sakamako sai mako uku," in ji Dakta. "Kuma na san halinku na lasar dutse don ganin launi. Wannan kada ka lasa, in arsenet ce guba ce."

A mota ya rubuta takardar dutsen: sunan rami, kwanan wata, fosfet. Sannan ya bar wa shuɗiyar ƙwayar fili mai faɗi a gefe, don wani sunan dogo ne.