An Kashe Usta Madbuli a Takardar Talla

Da hantsi aka manna takardar tallar a bangon da ke kallon shagon Usta Madbuli mai guga. Fuskar 'yarsa ce, an shafe ta da farar hoda, a ƙasa an rubuta: "Gimbiya Gulnar, marainiyar wani Basha, babban basaraken Istanbul, a fim ɗinta na farko." Usta bai iya karatu ba, amma mai shayin unguwa ya iya, kuma bakinsa ba ya riƙe magana.

"Usta, ashe ka mutu ba ka gaya mana ba? Kuma a Istanbul? Ai da mun zo gaisuwa!"

Usta ya cika bakinsa da ruwa, ya fesa wa rigar da ke gabansa, ya ɗora ƙafa a kan babban dutsen gugar ya tura. 

Sunan 'yar Nabawiyya. Shekara goma sha ɗaya tana wasan kwaikwayo a dandamalin titin Imaduddin, kuma duk Alƙahira an san ta da murya. In ta yi raɗa, na kujerar ƙarshe sai ya ji. Ga shi yanzu an zo da wani sabon abu, wasan da ake haskawa a jikin farin ƙyalle, baki na motsi babu sauti. Wani kamfanin fim ya ɗauki mai muryar da ta fi ta kowa, ya ce fuskarta kawai yake so.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗa ofishin Rushdi Efendi, mai yi wa kamfanin talla.

"Wa ya kashe min uba?"

"Sitti, ranki ya daɗe, zauna mana. Shayi ko gahawa?"

"Na ce wa ya kashe shi?"

Rushdi ya gyara zaman jar dararsa. Mutum ne mai laushin baki, irin wanda zai cuce ka kana yi masa godiya. "Matan manya ba za su fito daga gidajensu don kallon 'yar mai guga ba. Gimbiya suke so. A dandamali da kin buɗe baki an san ke 'yar unguwar talakawa ta Bulak ce, amma a fim wa zai ji? Ranar Alhamis za a haska. Ki hau gaban ƙyallen, ki rusuna, ki ɗaga hannu, ki sauko. Kada ki furta ko kalma ɗaya. In an yi haka, fim na biyu naki ne."

Maganar gaskiya, tana son fim na biyun nan har cikin ranta. Dandamali yana cin mace, ya tofar da ita tun kafin ta kai arba'in, ita kuwa ta ba talatin baya. Hoto ba ya tsufa. Da wannan ta koma gida, tana jin kunyar kanta.

"Baba, ka ji abin da suka rubuta?"

"Na ji." Yana goge koriyar rigar da za ta sa ranar Alhamis. Tun wasanta na farko babu rigar da ta hau dandamali da ita wadda ba ta bi ta ƙarƙashin ƙafarsa ba. "Takarda ce, 'yata. Ruwan sama ɗaya ya ishe ta. Ki je ki yi aikinki."

Sai dai ta lura ya juya teburin gugar, yanzu bango yake kallo maimakon titi.

Ranar Alhamis da la'asar gidan majigi ya cika. Masu hali suna sama, talakawa suna bencin ƙasa na ƙirshi biyu. A gefen ƙyallen mai bayani ya tsaya da sandarsa, yana karanta wa marasa karatu rubutun da ke fitowa, yana ƙara nasa gishirin. "Ku dubi hawayen nan, jama'a! Ba na wasa ba ne, ubanta Basha ta tuna!" Daga sama Nabawiyya ta hangi farin rawanin ubanta a benci na uku. Mutanen Bulak sun kewaye shi suna ƙyaƙyata dariya, suna zungurarsa. Shi kaɗai ne kansa ke sunkuye.

Da aka kunna fitilu, Rushdi ya riƙo yatsunta ya kai ta gaban ƙyallen. Tafi ya kaure. Ta rusuna, ta ɗaga hannu, duk yadda aka tsara. Ta jira har tafin ya lafa, don ta fi kowa sanin lokacin da 'yan kallo ke buɗe kunne.

"Usta Madbuli!"

Muryar ta daki bangon baya ta dawo. Rushdi ya matse mata hannu, ta fizge.

"Baba, tashi su gan ka. Sunana Nabawiyya, 'yar mai guga ce daga Bulak. Ubana yana da rai, ga shi can a benci na uku. Rigar nan da kuke yabawa ma shi ya goge ta."

A sama wata mata ta rufe fuska da mafici. Ƙasa kuwa sai ihu da fito. Usta ya miƙe a hankali, ya dafa ƙirji ya gaida jama'a.

Fim na biyu bai zo ba. Bayan wata guda aka manna sabuwar takarda a kan tsohuwar, da fuskar wata yarinya daban, suna kuma na nan yadda yake: Gimbiya Gulnar, marainiya. Nabawiyya ta zo karɓar rigar wasanta na dandamali, ta tarar teburin ya koma yana kallon titi. Usta ya daɗe yana duban sabuwar fuskar.

"Allah ya jiƙan uban wannan ita ma," in ji shi. Ya miƙa mata rigar da ɗuminta. "Riƙe ta da kyau, kada ta yamutse."