Wa Zai Ciyar da Ƙwayoyin?

A ɗakin bincike, Uwar Ƙwayoyi ake kiranta. Shekara huɗu ke nan tana kiwon ƙwayoyin cutar daji a cikin 'yan kwalabe, tana ɗiga musu magunguna don ta gano wanda zai kashe su. Duk bayan kwana biyu sai ta canja musu ruwan abinci, ko da ranar hutu ce. Da ta gama digiri na uku, wuri goma sha ɗaya ta nemi gurbin ci gaba da bincike, shiru. Na goma sha biyun ne suka amsa. Wasiƙar shaida daga malaminta kawai ta rage, kuma yau ƙarfe huɗu za a rufe karɓa.

Sati uku Farfesa yana ce mata gobe.

"Ranka ya daɗe, yau ce fa," ta faɗa daga bakin ƙofar ofishinsa.

"Na sani, 'yata." Ya cire tabarau ya murza idanu. "Tuni na rubuta, aikawar ce ta gagare ni. In kin tafi, wa zai ciyar da su?"

Gajiya ta hana ta ko yin fushi. Ta koma ta sa safar hannu ta zauna gaban kwalabenta.

Can sai ga Farfesa cikin farar rigar aiki wadda ta ƙi rufe masa ciki.

"Ikon Allah!" in ji Baba mai wanke kwalabe. "Yallaɓai, rabon da in gan ka cikin rigar nan tun ina da haƙora."

"Matsa min," Farfesa ya ce mata. "Nuna min yadda kike yi."

Yana buɗe kwalbar farko ya ratsa hannun riga ta samanta.

"Malam, ba a ƙetare buɗaɗɗiyar kwalba, datti zai faɗa. Kai ka koya min."

"Ni?"

"Har da tsawa."

Suka jefar da kwalbar. Ta biyun ya yi a hankali, gumi na tsattsafo masa, har ya rufe ta lafiya. Ya dubi agogo, huɗu saura kwata, ya miƙe yana dafa ƙugu ya fita.

Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara: wasiƙa ta isa. Ta dubi kwalaben. Sannan ta yago takarda ta jera ranakun ciyarwa, ta rubuta "Farfesa" a gaban kowace, ta manna a ƙofar ofishinsa.