Kurfoti a Bayan Ƙofa

Samiratu mai waakye, wato shinkafa da waken da rabin unguwar Nima ta Accra ke karya kumallo da shi, ta yanke shawarar sayar da tukwanenta. Ciwon kai ya hana ta sakat, ga jiri, ga tashin zuciya. Sana'ar nan gadon uwarta ce, kuma rabuwa da ita ta fi ciwon ci mata rai.

Ita dai a ganinta ta san mai laifi. Tun ranar da maƙwabciyarta Mubarika ta leƙa tukunya ta yaba jan karan dafin ba tare da ta ce tubarkalla ba, Samiratu ta kwashe kurfotinta, wato murhun gawayi, daga tsakar gida ta koma ɗaki da girki. Da ciwon ya fara sai ta rufe ƙofa. Da ya ƙaru ta toshe taga da tsumma, ta ƙara da turaren wuta. Mace mai wayo ke nan!

Mubarikar ce kuwa ta tsince ta a zube bakin ƙofa wata safiya, ta kinkime ta sai asibiti.

Dokta Kadiri ya auna jini, ya haska ido, ya lalluba wuya, bai ga komai ba. Sai ya ja kujera.

"Hajiya, akwai lokacin da kan ya taɓa sakinki?"

"Da na je biki Tamale, dokta. Ko paracetamol ban sha ba." Ta saci kallon Mubarika. "Can babu mai sa mini ido."

"A Tamale kin yi girki?"

"A'a."

"A nan fa, ina kike yi?"

Da ta faɗa masa, sai ya dafe nasa kan.

"Ei, Hajiya! Gawayi a ɗaki rufe? Yana fid da iska mai guba, ba launi ba wari. Ba don wannan baiwar Allah ta zo ba, da yanzu wani zance ake yi. Buɗe ƙofan, ki fid da wutan waje."

Kafin sati ya zagayo kai ya yi wasai. Samiratu ta yi kuka, na murna da na kunya. Ta aika wa dokta kwano shaƙe, har da ƙwai da taliya.

Kurfoti ya koma tsakar gida. Da waakye ya nuna, Samiratu ta ɗaga murfin da kanta.

"Mubarika, 'yar'uwa, zo ki duba. Duba da kyau. Medaase, na gode, Allah ya saka miki."